Me ya sa ake girmama faifan Lady in Satin alhali muryar Billie Holiday ta dushe?

Wani matashi ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, abokina ya turo mini kundin waƙoƙin Billie Holiday mai suna Lady in Satin, ya ce samun irinsa a tarihin jaz sai an tona. Na saurara sau biyu. Muryar a shaƙe take kamar ta mai mura, wani wurin ma ba ta kai sautin da take nema. Sannan an ce mini mawaƙiyar buluz ce, ni kuwa goge kawai na ji yana ta kuka a bayanta. Kunnena ne bai nuna ba, ko dai tausayinta ne ya sa mutane ke yabon faifan?"

Ɗan'uwa, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Duk abin da ka lissafa yana cikin faifan, kuma wanda ya ce maka bai ji shi ba, bai saurara da gaske ba. Muryar ta dushe, numfashin ya gajarce, akwai wuraren da takan kamo sauti daga ƙasa ta hau shi da ƙyar, ta sake shi kafin ya zauna. Ni ma ranar da na fara jin faifan nan, shekaru da yawa da suka wuce, mayar da shi na yi cikin kwalinsa na koma wa waƙoƙinta na ƙuruciya. Sai da na daɗe ina bin waƙoƙinta daga na farko har na ƙarshe kafin na gane cewa murya daban, iya waƙa daban. A faifan nan murya ta ci amanarta, amma iya waƙarta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Zan warware maka wannan magana dalla-dalla, don ba na so ka karɓa kawai don na faɗa.

An naɗi faifan cikin kwana uku, daga 19 zuwa 21 ga Fabrairun 1958, a ɗakin naɗar waƙa na kamfanin Columbia da ke titi na 30 a birnin New York a wancan lokacin. Ɗakin tsohuwar coci ce da aka mayar situdiyo, rufinta na da tsawo, shi ya sa sautin faifan yake da faɗi kamar ana waƙar a cikin babban zaure. A wannan ɗakin ne Miles Davis ya naɗi Kind of Blue shekara guda bayan haka. Irving Townsend ne furodusa, Ray Ellis ne ya tsara kiɗan ya kuma jagoranci makaɗa kimanin 40, yawancinsu masu gogen Turawa. Faifan ya fito a watan Yunin wannan shekara. Billie tana da shekara 42 a lokacin. Ta rasu ranar 17 ga Yulin 1959, wata goma sha bakwai bayan naɗar, kuma shi ne kundinta na ƙarshe da ya fito tana da rai.

Shekara 42 ba tsufa ba ne ga mawaƙiya. Abin da ya ci muryar shi ne giya da taba da hiroyin na shekara da shekaru, da wahalar da ta fara sha tun tana yarinya a Baltimore. Amma ka sani, ko a lokacin da take ganiyarta, Billie ba ta taɓa zama mai babbar murya ba. Bessie Smith, wadda Billie ta girma tana sauraron faya-fayanta, tana iya cika babban zaure da murya ba tare da makirfo ba. Ella Fitzgerald tana hawa sama ta sauko ƙasa ba tuntuɓe. Sarah Vaughan kuwa da ta so da ta yi waƙar ofera. Muryar Billie ƙarama ce, tazarar da ke tsakanin sautinta na ƙasa da na sama ba ta da yawa, kuma tun daga farko da makirfo ta dogara. To in haka ne, me ya sa furodusa John Hammond ya tsaya cak da ya ji ta a wani gidan rawa na Harlem a 1933, tana 'yar shekara 17, har ya kai ta ta yi naɗin farko tare da Benny Goodman? Me ya sa shahararren mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya faɗa a fili a 1958 cewa babu wanda ya yi tasiri a waƙarsa kamar ita? Abin da suka ji shi ne abin da nake so ka nema a Lady in Satin, kuma abubuwa biyu ne: yadda take riƙe lokaci, da yadda take furta kalma.

Batun lokaci shi ne gishirin zancen. A kiɗan jaz, mai ganga da mai babban gogen tsaye suna riƙe da bugu, ɗaya biyu uku huɗu, ba ya gaba ba ya baya. Mawaƙi na yau da kullum yakan ɗora kowace gaɓar kalma a kan bugun da marubucin waƙar ya tanadar mata. Billie ba ta yin haka. Takan bar bugun ya wuce, ta shigo a bayansa, kamar wadda ba ta gaggawa, har ka fara jin tsoron ayari zai tafi ya bar ta. Sai ta dunƙule kalmomi uku a wuri guda, ta ja ta huɗu, ka ga ta iso ƙarshen baiti daidai da makaɗa. Wannan jinkiri ba na kuskure ba ne. Wanda bai san inda bugu yake ba, ba zai iya makara da gangan ba. Daga Louis Armstrong, mawaƙi kuma mai busa ƙaho, ta koyo wannan, ta kuma sha faɗa cewa ita ji take kamar ƙaho take busawa sa'ad da take waƙa. Ka saka waƙar farko ta faifan, "I'm a Fool to Want You", ka riƙa buga yatsa a hankali tare da kiɗan. Kar ka kula da ko muryar na da daɗi. Ka lura kawai da inda kowace kalma ke faɗowa, gaban yatsanka ko bayansa. Za ka tarar kusan babu layin da ta ajiye a inda ka zata, kuma babu wanda ya faɗi ƙasa.

Wannan fasaha ba ta buƙatar lafiyayyen maƙogwaro. A kai take, da kunne. Shi ya sa giya ta cinye muryar amma ba ta taɓa ta ba. Ina ma iya cewa gajarcewar numfashin ta ƙara mata kaifi, domin wadda ba ta da numfashin da za ta ɓarnatar dole ta zaɓi kalmar da za ta kashe shi a kai. A waƙoƙinta na 1935 tana wasa da lokaci don nishaɗi. A 1958 kowane jinkiri yana da aikin da yake yi.

Na biyu, kalma. A nan ne nake ganin mu masu jin Hausa muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Harshenmu na karin sauti ne, kunnenmu ya saba da cewa ɗaga murya ko sauke ta a kan gaɓa guda yana sauya ma'ana. Billie tana yi wa Ingilishi irin wannan riƙo. Takan ɗauki kalma mai gaɓa ɗaya ta lanƙwasa ta, ta fara da ita a sama ta zame ƙasa, ko ta tsaya a tsakanin sautuka biyu inda babu maɓallin fiyano da zai iya bin ta. Ko ba ka jin Turanci sosai, za ka ji bambancin kalmar da ta furta da zargi da wadda ta furta da roƙo. Ka saurari "You've Changed". Mace ce ke gaya wa masoyinta cewa ya sauya, hasken idonsa ya tafi, murmushinsa ya zama na dole. Kalmomi biyun da ke sunan waƙar suna dawowa sau da yawa, kuma ba ta maimaita su iri ɗaya ba. Wani zuwan kamar tuhuma, wani kamar tana gaya wa kanta abin da ta daɗe da sani, can wajen ƙarshe kuma ta taso da ƙarfin da ba ka zaci ya rage mata ba. Mawaƙa da yawa sun rera waƙar nan da muryoyi masu tsabta. A wurina tata ce ta zama ma'auni, domin a bakinta ne kaɗai nake jin kamar mutumin yana zaune a gabanta yana kallon ƙasa.

Sai batun buluz, inda ka ce ba ka ji shi ba. Ka yi gaskiya ta wata fuska. Buluz a ma'anarsa ta tsari waƙa ce mai gaɓoɓin kiɗa 12, layi uku: a faɗi layi, a maimaita shi, a kawo na uku ya amsa. Irin wannan babu ko ɗaya a Lady in Satin. Waƙoƙin ciki duk na marubutan waƙoƙin soyayya na Amurka ne, irin masu tsarin gaɓa 32, waɗanda aka rubuta don dandali da rediyo da fina-finai. Hoagy Carmichael ne ya yi "I Get Along Without You Very Well". Richard Rodgers da Lorenz Hart ne suka yi "Glad to Be Unhappy" da "It's Easy to Remember". Alec Wilder ne ya yi "I'll Be Around". Sinatra kansa na cikin mutum ukun da suka rubuta waƙar farko ta faifan. Ko a duk tsawon aikinta, buluz na ainihi kaɗan ne ta naɗa, fitattu a cikinsu "Billie's Blues" ta 1936 da "Fine and Mellow" ta 1939. Laƙabin mawaƙiyar buluz ya manne mata ne saboda 'yan jaridar zamanin kan liƙa shi ga duk baƙar mace mai rera waƙar baƙin ciki, sannan littafin tarihin rayuwarta na 1956, wanda ta yi tare da William Dufty, da kundin da ya fito da suna ɗaya da shi, Lady Sings the Blues, suka ƙara ɗaure shi.

Amma buluz ba tsari kaɗai ba ne, hanyar rerawa ce kuma. Akwai sautuka a tsanin kiɗa, musamman na uku da na bakwai, da mai buluz kan sauke su kaɗan, ya ja su, ya bar su suna lilo. Akwai ƙaiƙayin murya da kakkaryewarta da ake ɗauka ado maimakon aibi. Akwai kuma rera waƙa kamar ana magana. Duk waɗannan Billie ta ɗauko su ta zuba a kan waƙoƙin da marubutansu ba su yi su don haka ba. Wannan shi ne buluz ɗin da ke cikin Lady in Satin: yana cikin maƙogwaronta, takardar kiɗan ba ta ɗauke da shi. Idan wannan salon bai yi maka baƙunta sosai ba, akwai dalili. Gerhard Kubik, masanin kiɗan Afirka ɗan ƙasar Ostiriya, ya kawo hujja a littafinsa na 1999 cewa siffofi da dama na buluz, irin su lanƙwasa sauti da jan gaɓa da mawaƙi guda mai rerawa da abin kiɗa mai tsirkiya, sun fi kusa da waƙar yankin da ya miƙe daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru. Buluz dai a kudancin Amurka aka haife shi, a bakin jikokin bayi, kuma nasu ne. Sai dai wanda ya taso yana jin mai goge ko mai kukuma yana rerawa ba zai rasa gane wani abu a nan ba.

Yanzu gogen da ka ce yana ta kuka a bayanta. Wannan shi ne abin da masu sukar faifan suka fi kamawa tun 1958, kuma sukar tasu ba ta banza ba ce. Masoyan jaz sun saba jin Billie da 'yan makaɗa shida ko bakwai, kowa na amsa mata. Haka ta yi da makaɗin fiyano Teddy Wilson daga 1935, haka ta yi a kamfanonin Norman Granz daga 1952 zuwa 1957. Sai ga ta a tsakiyar tarin goge mai zaƙi kamar zuma, da 'yan amshi mata suna jan sauti ba kalma. Wasu suka ce kamfani ne ya sa mata rigar da ba tata ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Ita ta nema. Ta ji wani faifan Ray Ellis mai suna Ellis in Wonderland, ta ce shi take so. Ba kuma wannan ne karo na farko ba: a 1944, da ta koma kamfanin Decca, ita ta roƙi furodusa Milt Gabler ya sa mata goge a waƙar "Lover Man". A Amurkar wancan zamani, tarin goge alama ce ta cewa kamfani ya ɗauki mawaƙi da daraja, kuma fararen mawaƙa ne suka fi samun wannan gata. Sinatra ya fitar da In the Wee Small Hours a 1955, kundin waƙoƙin kaɗaici na tsakar dare, kuma uku daga waƙoƙinsa suna cikin Lady in Satin. Mutumin da ya koya daga wurinta ya samu manyan makaɗa. Ba abin mamaki ba ne ita ma ta so a yi mata irin wannan shimfiɗa.

Hukuncina a kan tsarin Ellis ya kasu biyu. 'Yan amshin nan, a wasu wurare, sun yi yawa, kuma da an rage su da faifan ya fi. Gogen kuwa ina ganin shi ne ya sa faifan ya zama abin da ya zama. Ka ɗora tsohon ƙarfe mai tsatsa a kan farin yadi, kowane tabo zai fito. Santsin kiɗan ne ya sa kake jin kowane karce a muryar, kuma ina kyautata zaton ta san da haka. Da ta so ɓoyewa, da ta shiga tsakiyar masu busa inda hayaniya za ta rufa mata asiri. Sannan kiɗan ba goge zalla ba ne. Mal Waldron, makaɗin fiyanonta na shekarun ƙarshe, yana ciki, da Milt Hinton a babban gogen tsaye, da Osie Johnson a ganguna. Urbie Green da J. J. Johnson sun busa turombon, Mel Davis ya busa ƙaho. Ka saurari busar Davis a "You Don't Know What Love Is", yadda ta tsaga gogen ta fito a miƙe, sannan Billie ta dawo ta karɓa daga inda ya ajiye.

Shi kansa Ray Ellis irin kuskurenmu ya fara yi. Ya ba da labari daga baya cewa ya fita daga situdiyon ransa a ɓace, yana ganin aikin bai yi kyau ba, domin da kunnen mai tsara kiɗa yake saurare, yana ƙirga inda ta kauce. Sai bayan makonni, da ya ji faifan an gama haɗa shi, ya gane girman abin da ta yi. Ya kuma ce lokacin da aka sake kunna mata "I'm a Fool to Want You" a situdiyo, idanunta sun cika da hawaye. Idan mutumin da ya tsaya a gabanta yana kaɗa sanda ya buƙaci makonni, saurare biyu bai isa a yanke maka hukuncin cewa kunnenka bai nuna ba.

Ɓangaren ƙarshe na tambayarka shi ne ya fi damuna, wato ko tausayi ne ke sa a yabe shi. Ga wasu mutane, e, tausayi ne, kuma ina ganin wannan zalunci ne a gare ta. Tarihinta na da nauyi, babu shakka. An haife ta a Philadelphia ranar 7 ga Afrilun 1915, sunanta na yanka Eleanora. Ta yi yawo da ƙungiyar Count Basie a 1937, sannan da ta Artie Shaw a 1938, baƙar mace a cikin fararen makaɗa, tana shan wulaƙancin wariyar launin fata a otal-otal da gidajen abinci. A 1939 ta rera "Strange Fruit", waƙar da Abel Meeropol ya rubuta a kan rataye baƙaƙen fata da gungun farare ke yi a kudancin Amurka, kuma da Columbia ta ƙi naɗa, ƙaramin kamfanin Commodore ne ya fitar. A 1947 aka ɗaure ta a gidan yarin mata na Alderson saboda ƙwaya. Da ta fito a 1948 ta cika zauren Carnegie, amma an ƙwace katin izinin da ke ba mawaƙi damar aiki a gidajen rawar New York masu sayar da giya, wanda hakan ya toshe mata babbar hanyar cin abinci har ƙarshen rayuwarta. Ko a gadon asibitin da ta rasu, sai da 'yan sanda suka zo suka kama ta suka sa mata gadi a ƙofa.

Wanda ya san wannan duka yakan saka Lady in Satin ya riƙa jin kamar yana leƙen mai jinya ta taga. Ni ban yarda da wannan saurare ba. Matar da ta shiga situdiyon nan ma'aikaciya ce mai shekara 25 a sana'a. Ita ta zaɓi mai tsara kiɗa, ta ɗauko waƙoƙin da galibinsu sababbi ne a bakinta maimakon ta sake juya tsofaffin da mutane ke so, ta kuma yanke shawara a kan kowane layi. Waƙoƙin ma ba labarin rayuwarta ba ne, wasu marubuta ne suka rubuta su don kasuwa. Idan ka ji kamar asirin zuciyarta take tonawa, ƙwarewarta ce ta sa ka ji haka, kamar yadda gwanin ɗan wasa kan sa ka manta cewa rubutu yake bi. Ga gwajin da nake ba mutane: mawaƙa nawa ne muryarsu ta lalace, suka yi faifai a ƙarshen rayuwa, aka ji tausayinsu, aka manta da faifan? Suna da yawa. Tausayi ba ya riƙe faifai shekara sittin da ɗoriya. An shigar da wannan cikin jerin faya-fayan girmamawa na Grammy a 2000, kuma har yau mawaƙa na zama su koyi yadda ake ajiye kalma daga cikinsa.

Ba zan ce maka shi ne faifanta mafi kyau ba. Masana sun rabu a kan wannan tun fitowarsa, kuma akwai waɗanda nake ganin girmansu da ba sa iya sauraronsa har ƙarshe. In aka ce in ɗauki abu guda in tafi da shi, waƙoƙin da ta yi da Teddy Wilson da Lester Young a ƙarshen shekarun 1930 zan ɗauka. Kuskuren abokinka ɗaya ne: ya shigar da kai gidan ta ƙofar baya. Lady in Satin faifai ne da ake isowa gare shi bayan an san mai shi.

Don haka ga hanyar da nake ba ka shawara ka bi. Fara da "What a Little Moonlight Can Do" ta watan Yulin 1935, tana 'yar shekara 20, muryar tana ƙyalli, tana gudu tana dariya a cikin waƙa. Daga nan ka nemi "I Must Have That Man" ta Janairun 1937, daga zaman naɗinta na farko da Lester Young, mai busa sakisofon da ya raɗa mata suna Lady Day, ita kuma ta raɗa masa Prez. Ka ji yadda busarsa da muryarta ke tafiya kamar tagwaye. In gogen ne ya hana ka sakewa, akwai kundin Songs for Distingué Lovers, wanda aka naɗa a Janairun 1957 tare da Ben Webster da Harry Edison: muryar ƙarshen ce, amma a cikin 'yan makaɗa kaɗan.

Sannan, kafin ka koma wa Lady in Satin, ka nemi hoton bidiyon shirin talabijin na CBS mai suna The Sound of Jazz, na ranar 8 ga Disambar 1957, mako goma kacal kafin naɗar faifan. A nan gani ya kori ji. Tana zaune a kan kujera mai tsawo, manyan masu busa sun kewaye ta, Ben Webster da Coleman Hawkins da Roy Eldridge da Gerry Mulligan, tana rera "Fine and Mellow", buluz na ainihi mai gaɓa 12, irin wanda ka nema ka rasa. Lester Young na cikinsu, ba shi da lafiya, kuma sun daɗe ba sa ɗasawa da ita. Da layi ya zo kansa ya miƙe ya busa zagaye guda tak, a hankali, ba ado. Ka kalli fuskarta a wannan lokacin, yadda take gyaɗa kai tana bin kowane sauti. Za ka ga mace mai sauraro da dukkan jikinta, wadda ta san inda bugu yake fiye da kowa a ɗakin. Lester ya rasu a watan Maris na 1959, wata huɗu kafin ita.

In ka dawo ga faifan, ka saurare shi da dare, kai kaɗai, kar ka haɗa shi da wani aiki, domin duk waƙoƙinsa masu tafiyar hawainiya ne kuma ba sa jure hayaniya. Ka kuma duba wane bugu ne a hannunka. Faifan farko na mono, wato mai sauti ta hanya ɗaya, yana da waƙoƙi 12, na sitiriyo kuwa, mai sauti ta hagu da dama, 11, an cire "The End of a Love Affair". Bugun da aka sake fitarwa a 1997 ya dawo da ita, ya ƙara da wasu guntayen naɗi daga situdiyo inda za ka ji Billie tana fama da wannan waƙa, ba ta gama saninta ba, tana tsayawa tana sakewa, har akwai inda take rerawa ita kaɗai babu kiɗa ko kaɗan. Wannan guntun nake so ka ji da kunnenka. Babu goge, babu 'yan amshi, babu Ray Ellis, sai dusasshiyar muryar nan a cikin tsohuwar coci. Ka buga yatsanka tare da ita kamar yadda na ce ka yi a waƙar farko, ka ga ko bugun ya kuɓuce mata.